Shin ana yi wa masu tsaron baya adalci a ƙwallon ƙafa?

Mai Buɗe Zance:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai batun da ya daɗe yana damuna, kuma ina roƙon mu tattauna shi cikin natsuwa, kowa ya ajiye ƙungiyar da yake goyon baya a gefe. Tun shekarar 1956 da mujallar France Football ta fara ba da kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, wato Ballon d'Or, masu tsaron baya uku ne kacal suka taɓa ɗaukarta, wato Franz Beckenbauer a 1972 da 1976, da Matthias Sammer a 1996, sai Fabio Cannavaro a 2006. Biyun farko ma Jamusawa ne da suka shahara da barin baya suna kutsawa tsakiyar fili da ƙwallo a ƙafarsu, saboda haka idan ana maganar wanda aikinsa tsantsar tsaro ne, Cannavaro kaɗai ya rage. Paolo Maldini ya fara buga wa Milan a 1985 yana ɗan shekara 16, bai daina ba sai 2009, ya buga mata wasa 902, ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau biyar, amma iyakar abin da ya samu a wannan kyauta shi ne matsayi na uku a 1994 da 2003. Shin zalunci ne ake yi wa masu wannan sana'a, ko kuwa aikin nasu ne bai kai na 'yan gaba daraja ba?

Mai Son 'Yan Gaba:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban ga zalunci a nan ba, kuma zan faɗi dalilina ko da zai ɓata wa wasu rai. Abin da ya fi komai wuya a wasan nan shi ne zura ƙwallo a raga, domin ana iya shafe minti casa'in a tashi da ƙwallo ɗaya ko ma babu. Ɗan baya yana da abokan aiki uku ko huɗu a layinsa, ga mai tsaron gida a bayansa, ga 'yan tsakiya a gabansa, kuma idan ya buga ƙwallo waje ya yi aikinsa. Ɗan gaba kuwa dole ya ƙirƙiri hanya inda babu hanya. Masu sayen 'yan wasa sun san haka, shi ya sa ƙungiyar Paris Saint-Germain (PSG) ta Faransa ta biya Yuro miliyan 222 a kan Neymar a 2017, alhali Harry Maguire da ya kafa tarihi a tsakanin 'yan baya a 2019 an saye shi fam miliyan 80 ne. Masu kuɗin nan ba sa zuba dukiyarsu don son rai.

Tsohon Lamba Biyar:

Ƙanena, na karanta abin da ka rubuta, kuma maganarka a kan wahalar cin ƙwallo gaskiya ce. Inda na saɓa maka shi ne cewa ɗan baya ya gama aikinsa idan ya buga ƙwallo waje. Ban taɓa buga wasa a matakin ƙwararru ba, amma na daɗe ina tsayawa a lamba biyar, wato tsakiyar baya, a ƙananan ƙungiyoyi, kuma abin da na koya shi ne mafi yawan aikin ɗan baya yana faruwa ne kafin ƙwallo ta iso inda yake. Yana kallon ƙafar mai ƙwallo ya gane ko dogon bugu zai yi ko gajere, yana kallon kafaɗar ɗan gaba ya gane ta wane ɓangare zai ruga, yana yi wa lamba biyu da lamba uku, wato masu tsaron baya na gefen dama da hagu, magana su matso ko su ja baya, yana auna tazarar da ke tsakaninsa da abokin tsayuwarsa, duk a cikin daƙiƙa biyu ko uku. Idan ya yi wannan daidai, mai ƙwallo zai ɗaga kai ya ga babu hanya, sai ya mayar da ita baya. Mai kallo a talabijin ba zai ga komai ba, domin kyamara tana bin ƙwallo ne, kuma babu wanda zai sake nuna hoton harin da bai auku ba.

Ga kuma bambancin hukunci. Ɗan gaba zai ɓarar da dama biyar, ya ci ta shida, a ɗauke shi a kafaɗa. Ɗan baya zai tare hari ashirin, ya zame sau ɗaya a minti na 88, kuma wannan zamewar ce za a yi ta nunawa har ƙarshen mako. Wanda ya zaɓi wannan sana'a ya yarda ke nan a riƙa auna shi da mafi munin abin da ya aikata a wasa. Ba kowane matashi ne zuciyarsa za ta iya ɗaukar wannan ba, kuma na ga yara masu ƙarfi da gudu da suka lalace bayan kuskure ɗaya a gaban jama'a, suka koma suna tsoron ƙwallo ta zo wajensu.

Masoyin Milan:

Baba ya faɗi gaskiya, kuma tarihin Milan shaida ne. Lokacin da Arrigo Sacchi ya karɓi ƙungiyar a 1987, ya gina ta ne a kan mutum huɗu: Mauro Tassotti a dama, Franco Baresi da Alessandro Costacurta a tsakiya, Maldini a hagu. Suna tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, Baresi yana ba da umarni, su matsa gaba lokaci guda su bar 'yan gaban abokan hamayya cikin satar gida. Da wannan layin suka ɗauki kofin Zakarun Turai a 1989 da 1990. Bayan Fabio Capello ya gaji Sacchi, a kakar 1993 zuwa 1994 Milan ta ci gasar Seriya A da ƙwallo 36 kawai a wasa 34, domin 15 kacal aka zura mata. Ƙungiyar da ba ta cika cin fiye da ɗaya a wasa ba ta zama zakarar Italiya, kuma a wannan kakar ta doke Barcelona ta Johan Cruyff da ci 4 da nema a wasan ƙarshe na Zakarun Turai a Athens, duk da cewa Barcelona tana da Romario da Hristo Stoichkov. Abin da ya ƙara wa nasarar armashi shi ne Baresi da Costacurta ba su buga ba saboda dakatarwa, sai aka dawo da Maldini tsakiya tare da Filippo Galli.

Mai Son 'Yan Gaba:

Ɗan'uwa, hujjar da ka kawo ta ƙarshe tawa ce. Idan za a cire manyan 'yan baya biyu daga ƙungiya a wasa mafi girma na shekara, kuma ta ci 4 da nema, to tsari ne yake tsaro, ba mutum ɗaya ba. Koci mai ilimi zai iya koya wa 'yan wasa masu matsakaiciyar baiwa yadda za su tsaya a layi, amma babu kocin da zai koya wa wani ya zama Romario. Kyautar da muke magana a kai ta mutum ɗaya ce, shi kuwa tsaro aikin gayya ne.

Mai Bin Firimiya:

Wannan hujja ce mai nauyi, Malam, kuma ba zan yi kamar ban gan ta ba. Sai dai akwai misalin da ya nuna akasin haka. Liverpool ta Jurgen Klopp tana da tsari tun kafin Janairun 2018, tana cin ƙwallaye da yawa, amma ana zura mata da yawa. Ta sayi Virgil van Dijk daga Southampton a kan fam miliyan 75, mutane da yawa suka ce an yi asarar kuɗi. A kakar 2017 zuwa 2018 an zura mata ƙwallo 38 a Firimiya, a kakar da ta biyo baya 22 kawai, kuma ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 2019, sannan Firimiya a 2020 bayan shekara 30 tana jira. Na san zuwan mai tsaron gida Alisson a 2018 ya taimaka, ba zan ɓoye wannan ba. Amma a dubi abin da ya faru a Oktoban 2020, lokacin da jijiyar gwiwar Van Dijk ta tsinke a wasa da Everton. Joe Gomez da Joel Matip su ma suka ji rauni, aka janyo Fabinho da Jordan Henderson daga tsakiya zuwa baya, tsakiyar ta yi rauni, 'yan gaba suka daina samun ƙwallo inda suka saba, har ƙungiyar ta sha kashi sau shida a jere a gidanta a farkon 2021. Koci bai canza ba, 'yan gaba ba su canza ba, tsarin ma yana nan a rubuce, amma babu masu iya aiwatar da shi. Tsarin da yake buƙatar layin baya ya tsaya kusa da tsakiyar fili ba ya yiwuwa sai da mutumin da zai iya tsere da ɗan gaba shi kaɗai a fili mai faɗi kuma ya yi nasara. A 2019 maki bakwai ne suka raba Van Dijk da Lionel Messi a Ballon d'Or.

Mai Buɗe Zance:

Na ji daɗin yadda ake kawo hujjoji. Ina so mu ɗan karkata zuwa yadda rayuwar ɗan baya take tafiya daga farko zuwa ƙarshe, domin na lura kamar sun fi 'yan gaba jinkirin nuna. Baba, me ka gani?

Tsohon Lamba Biyar:

Haka ne, Malam, kuma dalilin a bayyane yake. Ɗan gaba mai shekara 18 zai iya rayuwa da gudu da ƙarfin hali, idan ya yi kuskure ƙungiya ba ta rasa komai ba sai dama ɗaya. Ɗan baya mai shekara 18 kuskurensa ƙwallo ce a raga, saboda haka manyan ƙungiyoyi ba sa son su koyar da shi a kan makinsu. Sai su ba da shi aro, ko su jira ya gama kurakuransa a wata ƙaramar ƙungiya sannan su saye shi da tsada. Van Dijk da aka ambata ya fara ne a Groningen ta ƙasar Holan, ya tafi Celtic a 2013, ya koma Southampton a 2015, bai isa Liverpool ba sai yana da shekara 26. Cannavaro yana da 33 ya ɗauki Ballon d'Or, kuma tsayinsa bai wuce mita 1.76 ba, wanda gajarta ce ga ɗan bayan tsakiya, amma a gasar kofin duniya ta 2006 ƙwallo biyu kawai suka shiga ragar Italiya a wasa bakwai, ɗaya ɗan wasansu ne ya ci gida a karawa da Amurka, ɗaya kuma fenaretin Zinedine Zidane ce a wasan ƙarshe. Sanin lokacin tsalle ne ya maye masa gurbin tsayi.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Thiago Silva. Ya zo Turai yana matashi bai samu karɓuwa ba, aka kai shi Dynamo ta birnin Mosko a 2005, a can aka gano yana da tarin fuka, ya shafe watanni a asibiti, har ana ganin wasansa ya ƙare. Ya koma Birazil ya sake gina kansa a Fluminense, ya dawo Turai ta hanyar Milan, ya wuce PSG a 2012. A 2020 kwantiraginsa ya ƙare bayan sun yi rashin nasara a wasan ƙarshe na Zakarun Turai, ya tafi Chelsea ba a biya ko sisi ba, ya ɗauki kofin a 2021 yana da shekara 36. Pepe na Fotugal ya buga gasar ƙasashen Turai ta 2024 yana da 41. Gudu yana raguwa da shekaru, amma iya karanta wasa yana ƙaruwa, kuma wanda ya san inda ƙwallo za ta sauka ba ya buƙatar ya fi kowa gudu. Shi ya sa da yawa suke farawa a gefe, inda ake buƙatar huhu da ƙafa, su ƙare a tsakiya. Maldini haka ya yi, Sergio Ramos ma a lamba biyu ya ɗauki kofin duniya da Sifaniya a 2010 kafin ya zauna a tsakiya.

Mai Nazarin Dokoki:

Ina so in ƙara wani abu da ba a cika kula da shi ba idan ana kwatanta 'yan baya na da da na yanzu, wato dokokin wasan kansu sun sauya, kuma kusan duk sauyin ya ƙara wa ɗan baya wahala ne. A 1990 aka ce ɗan gaban da yake daidai da ɗan baya na ƙarshe bai yi satar gida ba. A daidai wannan lokaci aka tsananta hukuncin kayar da wanda ya nufi raga shi kaɗai, ya zama jan kati. A 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da abokin wasansa ya bugo masa da ƙafa da gangan, wanda a da ita ce mafakar duk ɗan bayan da aka matsa wa. A 1998 aka tsaurara a kan kwasar ƙafa ta baya. A 2018 na'urar VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da hoton bidiyo, ta shiga gasar kofin duniya, riƙon riga da turin da ake yi a ɓoye a lokacin bugun kusurwa suka zama abin da ake iya komawa a duba. A 2019 kuma aka yarda mai tsaron gida ya miƙa wa ɗan baya ƙwallo a cikin da'irar yadi 18 idan za a tashi wasa daga gida, sai ya zama ɗan baya ne yake fara gina hari, da 'yan gaba uku a kansa. Ɗan bayan yau ana so ya yi tsaro da hannuwa a bayansa, ya iya raba ƙwallo kamar ɗan tsakiya, ya kuma yi gudu kamar ɗan gefe.

Mai Son 'Yan Gaba:

Na yarda da jerin dokokin, amma sakamakonsu a wurina shi ne 'yan bayan yanzu sun fi iya raba ƙwallo fiye da tsaro. Sau nawa muke ganin an ci ƙungiya saboda ɗan baya ya tsaya yana wasa da ƙwallo a bakin ragarsa? Chelsea ta 2004 zuwa 2005, da John Terry da Ricardo Carvalho, ƙwallo 15 aka zura mata a wasa 38. Idan za ku nemi a girmama 'yan baya, irin waɗancan nake iya girmamawa.

Mai Nazarin Dokoki:

Ɗan'uwa, wanda ya tsaya da ƙwallo a bakin ragarsa umarnin koci yake bi, kuma idan ya riƙa buga ta sama ba tare da dubawa ba, a benci zai zauna mako mai zuwa. Laifin tsarin ne ake ɗora masa, kamar yadda kai da kanka ka ce nasarar tsarin ce idan an yi kyau.

Mai Kishin Afirka:

Kada a manta da namu. Stephen Keshi ɗan baya ne, ya bi ta Kodebuwa zuwa Beljiyam inda ya buga wa Anderlecht, ya buɗe wa 'yan Najeriya da dama ƙofar Turai, ya ɗaga kofin nahiyar Afirka yana kyaftin a 1994, ya sake ɗaukarsa yana koci a 2013. Joseph Yobo ya buga wa Najeriya wasa 101. Rigobert Song ya jagoranci Kamaru ta ɗauki kofin a 2002, Kalidou Koulibaly ya ɗaga wa Senegal kofinta na farko a 2022, kuma a gasar da aka yi a Kodebuwa a farkon 2024 William Troost-Ekong aka zaɓa gwarzon gasa duk da Najeriya ta sha kashi 2 da 1 a wasan ƙarshe. Abin lura shi ne yawancin waɗannan kyaftin ne. Ƙungiyoyi suna ba ɗan baya kambun shugabanci domin shi ne yake ganin fili gaba ɗaya a gabansa kuma bakinsa ba ya rufuwa, kuma ina ganin wannan ne ya sa da yawansu suke zama masu horarwa, daga Beckenbauer da ya ɗauki kofin duniya yana ɗan wasa a 1974 da kuma yana koci a 1990, zuwa Vincent Kompany da Bayern Munich ta ɗauka a 2024.

Ma'aikaciyar Lafiya:

Na bi muhawarar tun daga farko, kuma ina roƙon a ba ni dama in kawo ɓangaren da ya fi kyauta da kuɗi muhimmanci a wurina. An yi ta yabon waɗanda suka kai shekara 40 suna wasa, amma su ne 'yan kaɗan da jikinsu ya ɗauka. Ledley King na Tottenham ya yi shekaru yana buga wasa ba tare da iya yin atisaye da sauran 'yan wasa ba, saboda guringuntsin gwiwarsa ya cinye, ya ajiye wasa a 2012 yana da shekara 31. Raphael Varane, wanda ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau huɗu da Real Madrid da kofin duniya da Faransa a 2018, shi ma yana da 31 ya daina a 2024, kuma kafin nan ya fito fili ya yi magana a kan buguwar kai da ya sha yana ci gaba da wasa.

Batun kai ne ya fi tayar mini da hankali. Binciken da Jami'ar Glasgow ta fitar a 2019 a kan tsofaffin 'yan wasan Sikotilan ya nuna cewa haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran jama'a kusan sau uku da rabi. Da aka rarraba su bisa gurbin da suka buga a 2021, masu tsaron gida ba su bambanta sosai da sauran mutane ba, 'yan baya kuwa haɗarinsu ya kai kusan ninki biyar, kuma yana ƙaruwa da tsawon shekarun da mutum ya yi yana wasa. Ɗan bayan tsakiya shi ne yake sa kai ga dogon bugun mai tsaron gida da bugun kusurwa da duk ƙwallon da aka ɗago daga gefe, a wasa da kuma a atisaye, shekara da shekaru. Tsawon rayuwar wasa da muke yaba masa da ita, ita ce kuma take ƙara masa wannan haɗari.

Tsohon Lamba Biyar:

Malama, Allah ya saka da alheri. A lokacinmu wanda ya fashe kai aka ɗaure masa ya koma fili shi ne jarumi, kuma har yau masu sharhi suna yabon haka. Me ake yi a kai yanzu, kuma me ya kamata mai horar da yara ya kiyaye?

Ma'aikaciyar Lafiya:

Amin, Baba. An fara ɗaukar matakai, ko da yake a ganina ba su isa ba. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta ba da shawara a 2021 cewa kada ƙwararren ɗan wasa ya wuce sa kai mai ƙarfi sau goma a mako a wajen atisaye, kuma ta bi matakan cire sa kai daga wasannin ƙananan yara. Hukumar da ke tsara dokokin wasa ta duniya ta amince a 2024 da ƙarin canji, bayan adadin canjin da aka saba, ga wanda ake zargin ya samu buguwar ƙwaƙwalwa, domin kada koci ya bar shi a fili saboda tsoron ƙarewar canji. Matsalar ita ce likitan ƙungiya yana da 'yan mintuna ne a bakin fili, ɗan wasa yana cewa lafiyarsa ƙalau domin yana tsoron wani ya ƙwace masa gurbi, alamun kuma wani lokaci ba sa bayyana sai bayan sa'o'i. Ga mai horar da yara, abin da zan ce shi ne ya rage yawan atisayen sa kai, ya yi amfani da ƙwallo mai sauƙi daidai da shekarunsu, kuma duk yaron da ya yi karo da kai ya ji jiri, ko ciwon kai, ko amai, ko ya rikice, a fitar da shi nan take, kada ya koma fili a ranar, kuma kada ya dawo atisaye sai likita ya duba shi ya sallame shi.